Shekarar da Muka Shanya Inabin Baba Salihu

Ƙarshen lokacin zafin bana ya zo da nauyi. Iska ba ta motsi, mutum ya yi wanka ya fito kamar bai yi ba. Ranar Talata ina zaune ina yanka kuɓewa sai wayar jikata ta yi ƙara. Ta duba, ta ce mini da Turanci in rufe tagogi, ruwa zai sauko bayan la'asar. Na leƙa ban ga hadari ba, amma na rufe. Bayan la'asar kuwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a bakin taga ina kallon yadda yake dukan rufin gidajen da ke ƙasa da mu, sai wata shekara ta faɗo mini a rai, yau fiye da shekara talatin. Zan faɗe ta yadda ta faru, ɗaya bayan ɗaya, don ba na son labari mai tsalle-tsalle.

Da farko, gidan. Lokacin ban daɗe da zuwa daga Maradi ba. Maigidana, wanda nake kira Malam, ya riga ni zuwa da shekaru, yana kasa huluna da agoguna da tabarau a kan tebur a titi na 125 a Harlem. Muna zaune a Bronx, gangaren babban titin Concourse, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida mai hawa uku. Taga ɗaya gare mu, ta cikinta takalman masu wucewa kawai muke gani. Samanmu kantin mai gidan ne, Baba Salihu, mutumin Yaman, tsoho mai ciwon gwiwa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu wasu garuruwan. A hawa na biyu akwai Yaya Memuna, 'yar zangon Kumasi, mai kitso. Ta girme ni da yawa, amma bakinta bai san girma ba.

Na biyu, halin da muke ciki. A shekarar aka matsa wa masu kasa kaya a bakin titi, Malam kuwa ba shi da takardar izini, sai ya naɗe teburinsa ya jingine shi a bayan ƙofa. Kullum ya yi asuba sai ya fita neman aikin wankin mota. Wata rana a ɗauke shi, wata rana a ce an cika. Na tsara cinmu kamar haka: da safe shayi da burodin jiya wanda Baba Salihu ke ajiye mana, da rana babu, da dare shinkafa da mai da yaji. Ranar Juma'a, idan an samu, ƙafafun kaza. Ban aika gida na faɗa ba. Wa zai yarda a Maradi cewa ana kwana da yunwa a Amurka?

Na uku, inabin. A bayan gidan akwai ɗan fili kewaye da katangar bulo, bai fi a shimfiɗa tabarma huɗu ba. Nan Baba Salihu ya kafa rumfa da bututun ƙarfe, inabi ya hau ya rufe ta. Ni ban taɓa ganin inabi a jikin uwarsa ba sai a nan. Ba irin na kanti ba ne. Fari ne, dogo, siriri kamar yatsan jariri, ba shi da ƙwallo, fatarsa kuma ba ta tsayawa a baki. Baba ya ce a ƙasarsu sunansa raziƙi, a kan duwatsun yankinsu ake nomansa tun kaka da kakanni, ana cinsa ɗanye, ana kuma busar da shi ya zama zabibi, wanda ake tarbar baƙo da shi ranar Salla.

Labarin yadda ya zo New York daga bakin Malam na ji, don shi yana da ɗan Larabcin makarantar allo, da shi suke lallaɓawa. Ni da Baba kuwa da hannu muke magana. Baba yana da yaya mace a ƙauyensu, ita ta raine shi bayan mutuwar uwarsu. Zuwansa na ƙarshe gida, ta yanko reshe mai tsawon kamu ɗaya daga lambun ubansu, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta cusa masa a jaka. Ta ce masa ba zai yi 'ya'ya a ƙasar ƙanƙara ba, balle a hannunsa, shi da bai iya komai ba sai awo da ƙirga canji. Reshen ya kama. Amma shekara da shekaru, in ya yi 'ya'ya sai su yi tsami, ko su ruɓe kafin su nuna. Sai a wannan shekarar, da aka yi doguwar rana babu ruwa, ya yi nono-nono kamar na dabino, ya nuna, ya yi zaƙi.

A lokacin yayar ta makance, ta kwanta, ba a sa ran za ta daɗe. Wani ɗan ƙauyensu kuma zai tafi gida kafin wata ya ƙare. Ɗanyen inabi ba ya wannan tafiya. Zabibi ne kaɗai zai isa gare ta.

Baba ba ya iya hawa rufi, kanti kuma ba ya tsare kansa. Malam ya ce masa matarsa 'yar masu shanya ce. Bai yi ƙarya ba. Na shanya kauɗar tumatir, na shanya kuɓewa da barkono da yakuwa, na taya babana kilishi. Na ce na karɓa. Baba ya nuna mini da hannu cewa duk ƙwayar da ta faɗo da kanta tamu ce, wadda ke jikin nono kuwa ta yayarsa ce. Na gyaɗa kai.

Mun yi yankan da hantsi, bayan raɓa ta ɗauke. Malam yana kan kujera da almakashin Yaya Memuna, ni ina karɓa ina jerawa a cikin baho, Baba yana bakin ƙofar baya yana ta faɗa a kan a bi a hankali. Muka ɗora bahunan a ka muka hau da su har rufi. Rufin shimfiɗaɗɗe ne, an malale shi da kwalta. Da rana kwaltar takan yi laushi, zafinta ya ratsa silifa, warinta ya tsaya a maƙogwaro. Muka shimfiɗa kwalayen kanti, muka ɗora tabarmi, muka ɗora zannuwan gado, sannan inabi.

Na kafa doka, don aiki ba doka ɓarna ne. A share rufi kafin a shimfiɗa. Kada nono ya taɓa ɗan'uwansa. A juya da azahar. A kwashe kafin magariba saboda raɓa. Kada a bar wurin ba kowa. Ni nake tsaro da safe, Yaya Memuna ta hau ta same ni idan ba ta da mai kitso, wanda a lokacin kusan kullum ne, don kowa yana fama da aljihunsa.

Nan na fara gane cewa rana ba ita kaɗai ke busar da abu ba. A gida ka yanka tumatir yau, jibi ka tara a buhu. A nan ranar tana da zafi amma iskar jiƙe take, kamar an yafa maka tawul mai ɗumi. Mako ya wuce, inabi ya ɗan yamutse ne kawai, kamar fuskar wanda aka tasa daga barci. Ga tantabaru, waɗanda ba su san kora ba. Ga rina, da ta harbe ni a yatsa har zobena ya ƙi fita. Ga wani kurege mai furfura da ke biyo wayar lantarki, ya tsaya yana kallona kamar ni ce baƙuwar.

Amma duk waɗannan ba su kai yunwa ba. Idan rana ta take, inabin ya ɗumama, sai ya riƙa wani ƙanshi kamar an ɗora zuma a wuta. Ga shi tun shayin safe ba abin da ya shiga cikina. Nakan durƙusa ina juyawa, yawu yana taruwa a bakina, hannuna yana ɗanƙo, kaina yana ɗan juyawa in na miƙe. 'Yan ƙwayoyin da suka faɗo mukan tara a faifai mu raba biyu. Nawa nakan ci rabi in ajiye wa Malam rabi.

Wata rana Yaya Memuna ta zuba mini ido ina juyawa, ta ce, "Ƙanwata, kina taɓa shi kamar ƙwan fakara. Juya shi da ɗan ƙarfi mana, ko Allah zai sa uku su faɗo."

Na ce, "Yaya, amana ce."

Ta ce, "Ni na ce ki tsinka? Juyawa na ce. Ke wannan 'yar Maradi, ko a Aljanna sai kin tambayi wa ya ba da izini."

Na ci gaba da juyina a hankali. Amma daga ranar na hana ta juyi, na bar mata korar tantabaru.

Yanzu sai in faɗi inda muke zama, don a nan maganar take. A kan rufin akwai ɗan ɗaki inda matakala ta ƙare. Bayan azahar inuwarsa gabas take faɗuwa. Nan muke zama, mu jingina da bango, fuskarmu a gabas. Hankalinmu kwance, don duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san hadari daga gabas yake tasowa. Tun ina yarinya uwata takan ce in fita in duba gabas kafin a yi shanya. Yaya Memuna ta ce a Kumasi ma haka ne. Baba Salihu ya sha nuna mana sama da yatsa, yana nufin mu kula. Bai ce wane gefe ba, mu ma ba mu ga abin tambaya ba. Rediyon kanti yana faɗin yanayi kullum, amma da Turancin da ke gudu kamar jirgin ƙasa.

Ranar da abin ya faru, zafi ya fi na kullum. Inabi ya fara yin ja, ya fara zama abin da ake so, na ƙiyasta 'yan kwanaki kaɗan suka rage. Ina zaune a ƙasa, Yaya Memuna tana tsefe mini kai, tana ba ni labarin wata mai kitso da ta gudu da kuɗin adashi. Gabas fes, ko ɗigon girgije babu. Sai na ga tantabaru sun tashi gaba ɗaya. Sai wata takarda ta wuce mu a guje, daga bayanmu ta fito. Sai na ji sanyi a ƙeyata, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Na miƙe na zagaya bangon. Yamma duk ta yi baƙi ƙirin, tun daga wajen kogin da ya raba mu da Harlem, har ruwan ya riga ya shafe gidajen da ke layin gaba. Ban gama kiran Yaya ba ɗigon farko ya dake ni a goshi kamar tsakuwa.

Muka yi ta haɗa bakin zannuwa. Iska ta ɗaga guda ta kife shi a kan kwalta. Kwalaye suka narke a hannunmu. Ruwa ya taru a rufin yana gudu zuwa makwarara, yana tafiya da inabi, ina bi da gwiwa ina tarewa da hannu. Tsawa ta fashe a kanmu, Yaya Memuna ta yi salati ta ja ni da ƙarfi, ta ce inabi ba shi da marayun da zai bari, ita kuwa tana da yara. Muka sauko da abin da muka iya, sharkaf, kaina rabi a tsefe, ita da silifa ƙafa ɗaya.

Baba Salihu yana tsaye a gindin matakala, ya dafa bango. Ya buɗe zane ɗaya ya duba, ya rufe. Ya yi hamdala a hankali, ya koma kanti. Ranar bai kunna rediyo ba.

Da Malam ya dawo ya tambaye ni ina muke kallo. Na ce gabas. Ya ce shi ma da nan zai kalla. Shekarunsa a birnin nan, tsakanin dogayen gine-gine yake wuni, ruwa daga sama kawai yake ganinsa, bai taɓa ganin ta inda yake zuwa ba.

Ruwan bai ɗauke ba. Washegari yayyafi, jibi ma haka, rana ta ɓuya. Na ce ba za mu zauna muna kallonsa yana ruɓewa ba. Muka zube shi a tsakar ɗakinmu muka kasa uku: wanda ya fashe, wanda ake shakka, da wanda ya tsira. Wanda ya fashe Baba ya ce mu ci. Muka ci har haƙoranmu suka mutu, har ciki ya ɓaci. Duk tsawon lokacin nan, a waɗannan kwanaki ne kawai muka ƙoshi, kuma ba wanda ya ji daɗin ƙoshin.

Wanda ya tsira muka goge shi da tsumma, ƙwaya-ƙwaya. Kusa da ɗakinmu akwai ɗakin boila, wato tukunyar da ke dafa ruwan zafi na gidan duka. Ɗakin yana da zafi, kuma a bushe yake, sai dai warin mai. Yaya Memuna ta kawo zaren kitsonta da fankarta, Malam ya ɗaura igiyoyi daga bututu zuwa bututu, muka rataye nonon ɗaya-ɗaya. Kowace safiya nakan shiga da tocila in bi su, duk ƙwayar da fumfuna ta taɓa in cire kafin ta shafi maƙwabciyarta. Kullum sai na cire. Kullum abin yana raguwa.

Ana gobe matafiyin zai tashi muka sauke. Abin da muka hau da shi rufi baho-baho, bai cika rabin gwangwanin madara ba. Ba ja ba, ba ruwan zuma ba, baƙi-baƙi ne, yana manne wa juna, in ka kai hanci sai ka ji boila kafin ka ji inabi.

Muka kai kanti muka ajiye a kan kanta. Baba ya leƙa ciki ya daɗe. Yaya Memuna, wadda zuciyarta ta fi bakinta taushi, ta nuna kwalayen zabibi da ke jere a kan katakon ajiye kaya, masu kyau, masu sheƙi. Ta ce a zuba biyu a cika gwangwanin a gauraya, tsohuwa ba ta gani, a bar ta ta yi farin ciki. Malam ya fassara, bai ƙara nasa ba. Baba ya miƙa hannu ya ɗauko kwali ɗaya, yana jujjuya shi.

Ni ba na sa baki a gaban maza, haka aka tarbiyyantar da ni. Amma ranar na ce, "Malam, gaya masa ya mayar. Idonta ne ya mutu, ba harshenta ba. In ta ci ɗaya na kanti, ko na gaskiyan ba za ta ƙara yarda da shi ba."

Malam ya faɗa masa. Baba ya ce wani abu yana kallon gwangwanin. Malam ya ce wai yayarsa dariya za ta yi masa.

Na ce, "Ta yi. Ai tana da rai ke nan."

Ban san yadda Malam ya juya wannan da Larabci ba. Baba dai ya mayar da kwalin wurinsa. Na ɗauki gwangwanin na sauka da shi, na naɗe shi a farin ƙyalle na ɗinke bakin, kamar yadda muke yi wa saƙo a gida.

Daga nan sai jira. Ganyen rumfa ya yi rawaya ya zube. Sanyi ya shigo. Malam ya taya Baba naɗe gindin inabin da tsofaffin barguna da leda. Ya kuma samu aiki tsayayye a wani sito, abincin rana ya dawo gidanmu. Matafiyin ya daɗe, irin daɗewar wanda ya yi shekaru bai ga gida ba. Wayar tarho babu a ƙauyensu. Baba bai taɓa tada maganar ba, amma duk wanda ya turo ƙofar kanti sai ya ɗaga kai da sauri.

Azumi ya kama cikin ƙanƙara. Wata rana da yamma, ina dama kunu, Malam yana alwala, sai muka ji ana saukowa matakalarmu, taki ɗaya a huta, taki ɗaya a huta. Tun da muka shiga gidan Baba bai taɓa saukowa ba saboda gwiwarsa. Malam ya tare shi ya zaunar da shi a kujerarmu guda ɗaya. Yana haki yana zuba Larabci, sai da Malam ya roƙe shi ya sake daga farko.

Matafiyi ya dawo. Ya sami yayar Baba da rai, ya sa mata gwangwanin a hannu. Ga abin da ta yi, bi da bi. Da farko ta shinshina, ta tambaya ko a garejin mota ake busar da inabi a Amurka. Sannan ta sa ƙwaya ɗaya a baki, ta daɗe tana tsotsa har aka zaci barci ya ɗauke ta. Sannan ta ce wannan ɗan inabin da ke bakin rijiya ne, ta gefen gangare, ba shakka. Sannan ta ce a gaya wa ragon nan raziƙi ba a baza shi a rana kamar barkono, rataye shi ake a inuwa inda iska ke ratsawa, ubansu ya faɗa ya sake faɗa, shi yana can yana wasa. Gwangwanin kuwa ta tura shi ƙarƙashin matashinta, ba ta ba kowa, har jikokinta.

Baba yana dariya yana goge ido da bakin rawaninsa. Ya dubi Malam ya ce, "Rago ta ce mini. Tun da na bar gida ba wanda ya ce mini rago."

Na ce wa Malam ya gaya masa maganar barkono tawa ce, na karɓa. Na zuba masa kunu, aka kira salla, ya sha ruwa tare da mu a ɗakin nan mai taga ɗaya.

Da shekara ta zagayo muka yi yadda ta ce. Malam ya buɗe tagogin wani ɗaki a hawa na uku, gaba da baya, muka rataye inabin a inuwa. Ya ɗauki lokaci, amma ya fito ruwan zuma, mai laushi, ba fumfuna, ba warin komai sai nasa, ya cika gwangwanaye har muka nemi ƙari. Sai dai ba ta jira shi ba, ta rasu tun kafin ganye ya fito. Baba ya raba wa mutanen gidan, ya kai saura masallaci. Duk wanda ya ci sai ya yaba. Ita kuwa, wanda ta ci shi ne baƙin nan, rabin gwangwani.